Alkyabbar Mai Gadin Albasa

Ran Lahadi na je Mai'aduwa neman zare,
na dawo Daura da barguna biyu a bayan babur.
Na soja ne, in ji mai gwanjo,
rarar sito ce, ba wanda ya taɓa kwana a ciki.
Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Launinsu na tokar da ta kwana a murhu,
nauyinsu na bashi.
Kwana uku suna shanye bisa katanga,
warin kafur ya ƙi fita,
har kajin Hansatu suka sauya wurin kiwo.

Don Sallau na saya, yayana,
mai kwana a lambun albasa can bakin Sabke,
yana gadin injin ban-ruwan wani
da bai san ta inda sanyi ke shiga ƙashi ba.
Bara tari ya kusa tafiya da shi.
Da buhu biyu yake rufa, da kwali.

Na auna shi da ido, don ba ya tsayawa awo:
kamu uku daga wuya zuwa idon sawu,
kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka
tun shekarar da ya yi dakon siminti a Katsina.
Na ja alli, na yi bisimilla.
Almakashi ya shiga tauna kamar tsohuwa da ƙanzo.

Keke ya ci allura uku, ya ce ya ƙoshi.
Na ɗauko basilla irin ta masu ɗinkin buhu,
na murje zare da kakin zuma.
Ulu ba ya son gaggawa,
sai da lallami, kamar jakin aro.

A kusurwar na biyu na tsaya.
Lamba ce da baƙin fenti, rabinta ya goge,
kusa da ita yaga, tsawon ɗan yatsa,
an ɗinke ta da koren zare,
ɗinkin wanda bai taɓa koyo ba:
nan tsallake, nan cunkoso, ƙulli uku wuri ɗaya.
Ashe mai gwanjo ya rage zance.
Wani ya zauna da tocila a baki
a wani daji da ban san sunansa ba,
yana lalubar kafar allura,
yana tuna yadda uwarsa take yi.

Shekara ashirin da biyu ina farke ɗinkin banza.
Reza tana hannuna.
Na mayar da ita cikin gwangwani.

Na juya yankan, na yi asarar taƙi biyu,
don koren zaren ya faɗo ta ciki,
daidai ƙirji, ɓangaren hagu.
Ko yana raye, ko ya riga mu,
Allah ya san ragowar lambar.

Na yi mata hula mai rufe kunne,
maɓalli na ƙahon rago daga wurin Ilu mahauci,
aljihun goro, aljihun 'yar rediyo.
Ba aska, ba kwaɗo da linzami,
raɓa ba ta duba ado.

Ran da ya saka, teburin mai shayi ya ɗauki sowa:
ga Sarkin Albasa, ina 'yan rakiya?
Sallau ya ɗaga hannu kamar mai amsa gaisuwa,
ya hau kekensa, leɓen yana lasar sarƙa,
na bi shi da gudu na naɗe masa.

Bayan kwana uku ya biyo ta shago da sassafe,
raɓa ta yi ƙwai a kafaɗunsa, ba ta ratsa ba.
Ya ce, wannan ɗinkin na ciki ba hannunka ba ne.
Na ce a'a.
Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.
Ya ce, shi ma gadi ya yi.

Sannan ya tambaya ko ƙyalle ya yi saura,
wai yaron da ke kwana a lambun gaba
ba shi da safa.